Likkafanin Hajiya a Garin Laraba

Ba zan tsaya kan yadda muka bar Makka ba. Jirgi jirgi ne, wanda ya hau ɗaya kamar ya hau duka. Abin da nake son rubutawa ya fara ne daga inda motar Likita, ɗan Hajiyar da nake yi wa hidima, ta saki babban titi, ta kama wata siririyar hanya tsakanin shingaye.

Sunana Asabe, mutuniyar Gumel ce ni. Umara ta kawo ni Makka, zama ya riƙe ni. Na yi tallar abinci a unguwar Utaibiyya, na yi wanke-wanke a Arfa lokacin aikin Hajji, kafin Allah ya haɗa ni da Hajiya Dije a unguwar Hindawiyya. Ni ke yi mata wanka, ni ke tura ta a arabiyya, wato keken nan na marasa ƙarfi, zuwa Harami. 'Ya'yanta ne suka yi mini igama, wato takardar izinin zama. Karatun yaƙi da jahilci kawai na yi a gida, don haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna.

A hanya aka haifi Hajiya. Mahaifinta ya taso daga Haɗeja a ƙafa, yana tafiya yana tsayawa noma, aka haife ta a Sudan, ta shigo Makka a goye. Tun daga nan ba ta taɓa kwana nesa da ita ba, sai Madina. Ɗanta na fari likita ne a Ingila. Faisal sunansa, amma ba ta faɗa, saboda kunyar ɗan fari. Likita take ce masa, mu ma muka bi. Shi ya ce a kawo ta a cire mata yanar ido, wata ɗaya mu koma. Na bar autata Sadiya wurin yayarta a kan wata ɗaya.

Garin yana kwance a cikin kwari, kamar Makka. Bambancin shi ne duwatsun Makka baƙaƙe ne tsirara, tuddan can kuwa kowanne ya sa koriyar riga, tumaki sun watsu a kai kamar an zubar da auduga. Wani ɗan kogi ya ratsa gindin garin. Bai kai a kira shi kogi a wurinmu ba, amma ba ya ƙafewa. An ɗora masa tsohuwar gadar dutse, mota ɗaya ke wucewa, ɗaya ta jira. Gidajen duk da dutse iri ɗaya aka gina su, mai launin zuma. Duk titin da ka bi, filin kasuwa zai zubar da kai.

Sunan garin ya gagari bakinmu. Hajiya ta tambaya yaushe kasuwarsu take ci, aka ce Laraba. Ta ce, "To, shi ke nan, Laraba ke nan. Mu ma haka muke sa wa garuruwa suna." Har yau ban san shi da wani suna ba.

Abin da ya fara damunmu shi ne shiru. A Hindawiyya, kafin ka farka mai gas yana buga tukunya, yara suna layin ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, masallatai suna amsa wa juna. A Laraba ba kiran salla, sai ƙararrawar coci. Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Mu ci abincin dare, mu wanke kwanuka, gari yana nan fayau. Hajiya ta riƙa tambayata, "Asabe, an yi magariba kuwa, ko rana ce ta manta hanya?"

Aikin ido ya yi kyau. Da aka cire mata bandeji na soma tura ta kasuwa. Rumfunan tanti ne, ana kafa su da safe, kafin la'asar an kwashe kamar ba a yi ba. Akwai mai cuku, mai zuma, mai kifi, mai furanni. Furanni fa, kuma mutane suna layi suna saya. Ranar farko na ɗauki kabeji, mutumin ya nuna mini farashi a jikin kwali, na yi masa tayi da yatsu. Ya sake nuna mini kwalin. Na sake tayi. Na bayana suka yi shiru, irin shirun da ya fi magana ciwo. A kasuwar nan ba a tayi, ba a cewa albarka. Na biya na juya, sai mutumin ya biyo mu da tuffa guda, ya ɗora a cinyar Hajiya, ya koma rumfarsa. Daga ranar duk Laraba sai ya yi haka.

Garin masu hali ne, amma ba sa nunawa. Za ka ga tsoho da tsohuwar riga mai faci a gwiwar hannu, a ce maka shi ke da gonakin bayan gada. Kusan kowa da karensa. Hajiya ta ga wani an sa masa rigar sanyi, ta ce, "Wannan ya fi wasu alhazan hutawa."

A kasuwar muka haɗu da maƙwabciyarmu. Ina yi wa Hajiya magana, Hausa da Larabci a haɗe yadda muka saba, sai muka ji an ce, "Salamu alaikum, kef halik ya Hajja?" Muka waiga, ga wata doguwar tsohuwar Baturiya da kwando. Ashe ta yi aikin nas a Jidda tana budurwa. Larabcinta ya yi tsatsa, amma yana tafiya. Ta ce sunanta Margaret. Hajiya ta gwada sau biyu, ta ce, "Mairo dai." Ita kuwa ta amsa.

Mairo ce ta ba mu labarin garin, muna zaune a benci kusa da coci. Ta ce gashin tumaki ne ya gina shi. Tun ɗaruruwan shekaru wani sarkinsu ya ba da izinin cin kasuwa a filin, ba a kuma fasa ba. Makiyaya su koro tumaki daga tuddai, fatake su zo daga ƙetaren teku sayen ulu. Ta nuna mana wasu lunguna matsattsu da ke shiga kasuwar, ta ce da gangan aka matse su, don tumaki su shiga ɗaya bayan ɗaya a iya ƙirga su. Attajiran ulu ne suka gina cocin, ya fi ƙarfin garin nesa ba kusa ba, kowa yana son a ce ya fi wane. Wani kuma ya gina jerin ƙananan ɗakuna don tsofaffi marasa galihu, har yau akwai mutane a ciki.

Hajiya ta ce, "Ribaɗi ke nan. Mu ma muna da su a Makka."

Mairo ta ce yanzu ulu ya mutu. Shagunan sun koma na sayar da tsofaffin kaya da wuraren shan shayi. Masu kuɗi daga Landan suna saye gidajen, 'ya'yan garin kuma suna fita saboda tsada. Ta faɗa ba tare da ɓacin rai ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Ganyaye suka soma ja suna zuba. Na lura an hau da akwatunanmu sama can ƙarƙashin rufi. Aka zo aka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Matar Likita, mutuniyar kirki ce ba ruwanta, ta sayo wa Hajiya rigunan sanyi masu kauri, irin waɗanda ba a saya wa baƙon da zai tafi. Fasfo ɗinmu kuwa tun ranar da muka sauka suna wurin Likita.

Wata safiya ya same ni a kicin. Hausarsa ta 'yan Makka ce, rabi Larabci. Khala yake ce mini, wato inna.

"Khala Asabe, ina son musa'ada daga wurinki, ki taimake ni. Zuciyar Ummi ba ta da kyau. Na duba, abokaina sun duba. A nan ina kusa, asibiti yana kusa. Khalas, shi ke nan, ba za ta koma ba."

Na ce, "Ta sani?"

"Shwayya shwayya, a hankali za ta saba. Ke take jin maganarki. In ta tambaya, ki ce sai an sake duba idon."

Na ce, "To."

Irin "to" ɗin nan ce ta na ji, ba ta na yarda ba, amma shi bai bambance ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Ɗa ne yana tsoron mutuwar uwarsa. Sai dai ya kawo mu da magana ɗaya, ya riƙe mu da wata. Ranar Sadiya ta kira ni a waya tana tambaya yaushe. Na ce mata sai yadda Allah ya yi.

Ban faɗa wa Hajiya ba, ban kuma yi mata ƙarya ba. Ba ta ma tambaye ni ba. Tsohuwar da aka gyara wa ido tana ganin ƙarfen banɗaki. Abin da ta yi shi ne, Larabar da ta biyo baya, ta ce in tura ta cikin harabar cocin, inda kaburburansu suke. Mairo tana tare da mu. Ta nuna mana na mijinta, da ɗan fili a gefensa an share, ta ce nan ne nata. Ta ce an so ta zauna a Jidda, albashi mai kyau, ta ƙi, don kakanninta duk suna cikin wannan ciyawar.

Hajiya ta ce, "Musulmi fa, in ya mutu a garin nan, ina ake kai shi?"

Mairo ta girgiza kai. Ta ce babu maƙabartar Musulmi a nan, sai babban birni. Ta ce akan ajiye mutum a firjin asibiti har takardu su fito, wani lokaci kwanaki, kuma sau da yawa a akwati ake sa shi.

Hajiya ta ce, "Na gode," ta ce in juya da ita gida.

A hanya ta yi magana, ba ni take kallo ba. "Asabe, tun ina yarinya, duk sallar da na yi a Harami, ana sallamewa sai a ce a yi salla ga mamata. In miƙe in yi. Ban san su ba. Na Indunusiya, na Turkiyya, namu Takari. Ban taɓa zama ba, har ƙafa ta ƙi. Ashe layi nake bi, sai da ya kusa zuwa kaina a ce in fita?"

 Na ci gaba da turawa.

Akwai wata 'yar jaka da Hajiya ba ta rabuwa da ita, a ƙarƙashin gadonta take kwana. Likkafaninta ne a ciki, farin yadi ƙyalle biyar. Ita da kanta ta saya, ta wanke da zamzam, ta shanya a saman gidanmu na Hindawiyya, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. Da muka dawo daga cocin ta ce in ciro mata. Ina buɗe jakar wari ya buge ni. Gidajen dutsen nan suna da kyau a ido, amma bangonsu yana tsotsar danshi. Fumfuna ta kama yadin, ɗigo-ɗigo toka-toka, ta fi yawa a gefen babban ƙyallen.

Muna da sauran zamzam da muka zo da shi. Na goge wuraren da shi a hankali. Saura shanya. Matar Likita tana da injin busar da kaya, Hajiya ta ce ba za a sa likkafaninta inda ake sa safar yara ba. Muka jira rana. Ta ƙi fitowa kwana da kwanaki, sai ranar wata Laraba da hantsi ta leƙo. Bayan gidan inuwa ce, ciyawa jiƙe. Katangar gaba kawai rana take bugu, wadda ke bakin titin da ya miƙe zuwa kasuwa. Ni kuwa ban san cewa a garin ba a shanya a gaban gida ba. Wa zai gaya mini? Na baza ƙyallayen a kan katanga da shinge, na danne kowanne da dutse yadda muke yi a saman bene. Na turo Hajiya bakin ƙofa ta zauna tana gadi.

Masu zuwa kasuwa suka riƙa rage tafiya. Ba wanda ya yi magana, su ba sa yi. Wasu baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauki hoto. Wata mata a gidan da ke kallonmu ta ɗaga labule, ta saki, ta sake ɗagawa. Ina jin ita ce ta kira Likita, don kafin azahar sai ga motarsa.

Ya fito ko ƙofar motar bai rufe ba. "Khala! Esh hada, mene ne wannan? Mamnu'u ne a nan, an hana, aibi ne! Ba Hindawiyya ba ce. Akwai inji a ciki, me ya sa za ki shanya zannuwan gado a titi?"

Ya soma fizge su yana tarawa a hannu. Ya ɗauki na farko, na biyu. A na uku hannunsa ya rage sauri. Ya juya yadin yana neman ɗinki, babu. Ɗan Makka ne, ya yi wa mahaifinsa sutura da hannunsa. Mairo ta fito daga nata gidan, ta tsaya a bakin shinge, ta dubi yadin, ta ce a hankali, "Kafan." Likkafani ke nan da Larabci, ita ma ta gani a Jidda.

Likita ya ce, "Ummi, da wannan kika zo gidana?"

Hajiya ta ce, "Duk inda zan kwana da shi nake zuwa."

Sai ga yayyafi, irin nasu da ba ya sallama. Na yunƙura zan kwashe sauran, Hajiya ta ɗaga mini hannu.

"Bar shi, Asabe. Bar shi ya sha ruwan garin. Tunda nan aka ce za a ajiye ni, gara ya fara sabawa."

Likita ya kwashe sauran da kansa, ya tura ta ciki. Ni na tsaya a bakin ƙofar falo, ban shiga ba, ban tafi ba. Ya durƙusa a gabanta da yadin a hannu. Ya yi bayanin zuciya, da magunguna, da yadda minti kaɗan ke raba rai da mutuwa. Ta bar shi ya gama.

Ta ce, "Ka iya hana ta zuwa?"

"La, ya Ummi. Amma ina iya jinkirta..."

"Kai?"

Ya dubi yadin da ke hannunsa. Can ya ce, da Larabci tsantsa, kamar Hausar ta ƙare masa, "In kika rasu a can, kafin jirgina ya sauka an binne ki. Kin san yadda ake yi. Ba za a jira ni ba."

"Haka ake yi wa mai sa'a."

"Ni fa?"

Na zauna da Hajiya shekaru, ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ta ɗora hannu a kansa, ta ce, "Faisal." Shi kansa sai da ya ɗago. "Ubana ya taka ƙasa da ƙafarsa daga Haɗeja don a binne shi a Makka. Bai ga kabarin uwarsa ba, bai ga na ubansa ba. Kai ka zaɓi garinka, garin kirki ne, ban hana ka ba. Ka bar ni da nawa."

Ya ajiye yadin. Ya tashi ya koma asibiti. Kwanakin da suka biyo baya gaisuwa kawai ke haɗa su. Mairo ta karɓi yadin ta kai gidanta, ta busar a jikin abin ɗumama ɗaki, ta goge, ta ninke ta kawo. Ta ba da haƙuri, ta ce tabon gefe ɗaya ya ƙi fita. Wata safiya na sauko haɗa shayi, na tarar da fasfo ɗinmu a kan tebur, an danne su da gwangwanin sukari.

Larabarmu ta ƙarshe mun je kasuwa. Mai kabeji ya kawo tuffarsa, na yi masa alama da hannu cewa jirgi za mu hau. Ya gyaɗa kai, ya ƙaro ɗaya. Mairo ta ba mu kwalbar zumar garin, Hajiya ta ba ta ragowar zamzam. Ta ce mata, "Mairo, ke kin riga kin share naki wurin. Ni ma zan je in ga nawa." Suka yi dariya su biyu.

Likita ya kai mu filin jirgi, ya cika jaka da magunguna, ya rubuta mini lokacin kowanne da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa. Ya sumbaci kan uwarsa ya juya da sauri.

Mun iso Hindawiyya ana kiran la'asar. Hajiya ta ce a tsayar da mota, a sauke gilashi. Washegari na ɗebo zamzam, muka sake wanke yadin, na shanya a saman bene. Kafin in sauko in sha ruwa ya bushe. Tabon dai yana nan.

Ta yi azumi tare da mu, ta ga aikin Hajji ya wuce. Bayan nan, wata ranar Litinin da hantsi, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce in gyara mata filo. Ko da na gyara, ta tafi. Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka, ni na miƙa ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Aka kai ta Harami. Da aka sallame la'asar, ladan ya ce a yi salla ga mamata. Ina can sahun mata, na ga mutane sun miƙe, baƙi da fari, waɗanda ba su taɓa jin sunanta ba. Kafin magariba an rufe ta.

Likita ya iso washegari. 'Yan'uwansa suka kai shi maƙabarta, amma a Makka ba a rubuta suna a kan kabari, sashen kawai suka nuna masa. Da ya dawo ya same ni a tsakar gida ina wanke kofunan masu gaisuwa. Ya daɗe a tsaye.

Ya ce, "Khala, da wancan yadin aka yi?"

Na ce, "Da shi."

"Tabon ya fita?"

Na ce, "Bai fita ba, Likita. Na garinku ne. Da na zo naɗewa, ta wajen fuskarta na sa shi."

Ya zauna a kan matakala, ya ce in ba shi shayi.